Darasi na 14: Fitilar da Ke Kunna Kanta

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran za ka iya:

1. karanta bayani a kan ƙananan kayan lantarki da Hausa, ka kuma fahimce shi;
2. faɗin sunayen kayan aiki da amfanin kowannensu;
3. ba da umarni da yin hani a cikin jimla;
4. gina jimlar sharaɗi da kalmomin "idan" da "sai";
5. yin ciniki a shago cikin ladabi.

Shimfiɗa

Ka tuna daren da aka ɗauke wuta kana tsakiyar karatu, ga shi kuma washegari akwai jarrabawa. Ka miƙe kana lalube cikin duhu, kana neman tocila, har ka yi tuntuɓe da kujera. Ko a Legas kake zaune, ko Inugu, ko Fatakwal, ko Kano, ka san irin wannan dare. To, yaya za ka ji idan akwai wata 'yar fitila a kan teburinka wadda take kamawa da kanta da zarar ɗaki ya yi duhu? Ɗalibi kamarka yana iya haɗa irinta da hannunsa. Karanta bayanin da ke biye a hankali, sau ɗaya a zuci, sau ɗaya kuma a bayyane.

Karatu

*'Yar ƙwaƙwalwa*

A cikin na'urori da yawa na gida akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu na ƙarfe, wanda sau da yawa bai wuce girman farce ba. Yana cikin rimot na talabijin, da mitar wuta mai kati, da injin wanki, da fitilun ba da hannu na kan titi. A wannan darasi za mu kira shi 'yar ƙwaƙwalwa. Ƙaramar kwamfuta ce wadda aka dunƙule a wuri guda: tana da sashen lissafi, da ma'ajiyar umarni, da ƙafafun da take karɓar saƙo ko aika shi ta cikinsu.

Aikinta kashi uku ne. Da farko tana karɓar labari daga waje, misali ko akwai haske, ko an danna maɓalli. Sannan ta duba umarnin da aka rubuta mata. Daga ƙarshe ta aikata abin da umarnin ya ce, kamar kunna fitila ko kaɗa ƙararrawa. Ba ta gajiya, ba ta mantuwa, amma kuma ba ta da hankalin kanta. Abin da ka faɗa mata shi take yi, ko daidai ne ko kuskure.

A da, sai ƙwararrun injiniyoyi ne ke iya sarrafa ta. A shekarar 2005, wasu malamai da masu bincike a wata makarantar koyon ƙira da ke garin Ivrea a arewacin Italiya, cikinsu har da Massimo Banzi da David Cuartielles, suka fito da wani ɗan allo mai suna Arduino. Burinsu shi ne ɗaliban da ba su karanci aikin injiniya ba su sami abin gwaji mai araha da sauƙin koyo. Ba su ɓoye zanen allon ba. Sun bar shi a fili ga duk mai so. Saboda haka kamfanoni da dama suke ƙera irinsa, farashinsa kuma ya sauko.

Samfurin da ya fi shahara shi ne Arduino Uno, wanda ya fito a 2010. Yana iya zama a tafin hannunka. Yana aiki da bolt 5. Yana da ramuka 14 na kunnawa da kashewa, da wasu 6 na awo, waɗanda aka sa wa suna daga A0 zuwa A5. Akwai kuma wasu alluna irinsa. A 2016 gidan rediyo da talabijin na BBC ya raba wani mai suna micro:bit kyauta ga 'yan makaranta kimanin miliyan ɗaya a Birtaniya. Mu dai a nan Uno za mu yi amfani da shi.

*Yadda wuta ke zagayawa*

Kafin ka taɓa waya, ka fahimci abu ɗaya: wutar lantarki ba ta tafiya sai ta sami hanyar da za ta fita daga batir ta kuma komo masa. Wannan hanya ita ake kira zagayen lantarki. Idan hanyar ta yanke a ko'ina, fitila ba za ta kama ba. Aikin makunni ke nan: ya haɗa hanyar ko ya yanke ta.

Kwatanta abin da ruwan famfo. Batir kamar tanki ne, waya kamar bututu, bolt kuwa shi ne ƙarfin da ke turo ruwan. Akwai wani ɗan abu mai zane-zanen launi a jikinsa da ake kira rizista. Shi kamar wurin da bututu ya tsuke ne, yana rage yawan abin da ke wucewa. Ana auna ƙarfinsa da om, sunan da aka ɗauko daga Georg Ohm, masanin ƙasar Jamus wanda ya wallafa ƙa'idar wannan lissafi a 1827.

Me ya sa muke bukatar rizista? Ɗan jan ƙwan LED yana bukatar kimanin bolt 2 kawai, allon kuwa bolt 5 yake bayarwa. Idan ka haɗa su kai tsaye, wuta za ta yi wa ƙwan yawa ya ƙone, wataƙila ma ramin allon ya lalace. Ga lissafin: ɗebe 2 daga 5, saura 3. Raba 3 da 220, za ka sami kimanin miliamfiya 14. Wannan bai kai miliamfiya 20 da aka ƙayyade wa kowane rami ba. Don haka rizista mai om 220 ya dace da aikinmu.

*Kayan da za ka tanada*

Za ka bukaci allon Arduino Uno da wayarsa ta USB, da allon gwaji mai ƙananan ramuka wanda ake soka kaya a ciki ba tare da liƙi da dalma ba, da ƙwan LED ɗaya, da rizista biyu, ɗaya mai om 220, ɗaya mai om 10,000, da gajerun wayoyi. Abu na ƙarshe shi ne idon haske. Wani irin rizista ne wanda yake barin wuta ta wuce sosai idan haske ya same shi, ya kuma tare ta idan duhu ya yi. Ana neman irin waɗannan kaya wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin, kamar a kasuwar Alaba ta Legas ko kasuwar Sabon Gari ta Kano. Idan kuɗin allon ya yi wa mutum ɗaya yawa, ku haɗu ku biyar ko shida ku sayi guda. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

*Matakan haɗawa*

1. Ka tabbata allon ba ya haɗe da kwamfuta ko batir.
2. Ka soka ƙwan LED a allon gwaji. Ka lura, ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ka haɗa doguwar da rami na 9, rizista mai om 220 yana tsakaninsu. Gajeriyar kuwa ka kai ta ramin da aka rubuta wa GND.
3. Ka soka idon haske. Ka haɗa ƙafarsa ɗaya da ramin 5V, ɗayar kuma da ramin A0.
4. Daga ƙafar da ta tafi A0, ka ja rizista mai om 10,000 zuwa GND.
5. Ka sake bin kowace waya da yatsa, ka ga inda ta fito da inda ta nufa. Bayan haka ne za ka haɗa wayar USB.

*Rubuta umarni*

Yanzu jiki ya haɗu, saura magana. Ana rubuta umarnin a kwamfuta da wata manhaja ta Arduino wadda ake saukewa kyauta daga intanet, sannan a tura shi cikin allon ta wayar USB. Kowane jerin umarni na Arduino yana da sassa biyu. Na farko sunansa setup, wato shiri, ana bin sa sau ɗaya tak lokacin da allon ya sami wuta. Na biyu sunansa loop, wato maimaici, ana bin sa daga sama zuwa ƙasa, a koma sama, a yi ta yi har wuta ta ɗauke.

Allon yana mayar da abin da ya auna a ramin A0 zuwa lamba tsakanin 0 da 1023. A yadda muka haɗa wayoyinmu, lambar tana hawa idan akwai haske, tana sauka idan duhu ya yi. Kafin ka rubuta komai a harshen kwamfuta, ka fara rubuta shi da Hausa kamar haka:

Shiri: Rami na 9 mafitar wuta ce.

Maimaici:
Auna hasken da ke ramin A0.
Idan lambar ta gaza 300, kunna fitila.
Idan ba haka ba, kashe fitila.
Jira rabin daƙiƙa.
Koma farko.

Malamin kimiyya ko na kwamfuta zai taimake ka ka juya waɗannan layuka zuwa harshen da allon ke ganewa. Lambar 300 misali ce kawai. Hasken ɗakinka daban yake da na ɗakin wani, saboda haka sai ka gwada, ka ƙara ko ka rage, har fitilar ta riƙa kamawa a lokacin da kake so. Idan an tura umarnin, yana zama a cikin allon ko da an cire shi daga kwamfuta. Daga nan batir mai bolt 9 ya isa ya tafiyar da shi. Wanda bai sami allo ba tukuna yana iya gwada duk wannan aiki a shafin Tinkercad na intanet, inda ake haɗa hotunan kayan a ga yadda za su yi aiki.

*Idan abu ya ƙi*

A wata makaranta da na taɓa koyarwa, 'yan ƙungiyar kimiyya sun haɗa wannan fitila. Da suka rufe tagogi, sai ta kama, ta mutu, ta kama, ta mutu, ba tsayawa. Wasu suka ce allon jabu ne, a mayar wa mai shago. Wata ɗaliba ta yi shiru tana kallo, can sai ta yago ɗan kwali ta tsayar da shi tsakanin ƙwan da idon haske. Nan take fitilar ta tsaya cak, tana haske. Ashe ƙwan yana haska idon ne. Da ya kama, sai idon ya ga haske, allon ya ɗauka gari ya waye, ya kashe shi. Da ya mutu, duhu ya dawo, allon ya sake kunnawa. Allon bai yi laifi ba, umarninsu ya bi sau da ƙafa.

Ka riƙe wannan. Idan aikinka ya ƙi, kada ka yi saurin zargin kaya. Ka duba ko ka juya ƙafafun ƙwan. Ka duba ko wata waya ta zame daga raminta. Ka duba ko lambar ramin da ka rubuta ita ce wadda ka soka wayar a ciki. Ka canza abu ɗaya a lokaci guda, ka gwada, ka rubuta abin da ka gani a littafi. Ka sani kuma ƙwai ɗaya ba zai haska ɗaki ya ishe ka karatu ba. Fitilar karatu tana bukatar ƙwai da yawa da wani abu mai suna tiransista, domin ramin allon ba zai iya ɗaukar nauyinsu shi kaɗai ba. Wannan shi ne mataki na gaba ga wanda ya ƙware a na farko.

Kada rashin kayan aiki ya karya maka gwiwa. William Kamkwamba na ƙasar Malawi ya bar makaranta saboda yunwa ta afka wa yankinsu, iyayensa suka kasa biyan kuɗin karatu. Yana da kimanin shekara 14 ya riƙa aron littattafan kimiyya daga wani ƙaramin ɗakin karatu. Da tarkacen keke da wasu ƙarafan da aka yar ya gina injin da iska ke juyawa, wanda ya ba gidansu wutar fitila da ta rediyo.

*Rigakafi ya fi magani*

Bolt 5 ko 9 na batir ba ya cutar da hannu. Wutar soket ta gida kuwa bolt 230 ce, tana kuma kisa. Saboda haka:

- Kada ka haɗa aikinka da soket na bango kai tsaye.
- Kada ka buɗe tsohuwar talabijin ko caja. Wasu kayan cikinsu suna riƙe wuta ko bayan an cire su daga soket.
- Kada ka huda batirin waya ko na kwamfuta, kada ka jefa shi a wuta, kada kuma ka haɗa bakinsa biyu da waya. Yana iya kamawa da wuta.
- Kada ka yi liƙi da dalma sai da babba a kusa. Idan ka gama, sai ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci.

Tattaunawa: A shagon kayan lantarki

Ɗaliba: Salamu alaikum. Baba, ina wuni?
Mai shago: Wa alaikumus salam. Lafiya lau, 'yata. Yaya karatu?
Ɗaliba: Alhamdu lillahi. Don Allah, kuna da ƙwan LED ja?
Mai shago: Akwai. Guda nawa kike so?
Ɗaliba: Guda goma. Nawa ne?
Mai shago: Ki ba da naira ɗari biyar.
Ɗaliba: Baba, a yi mini ragi, ni 'yar makaranta ce. Na saya ɗari huɗu.
Mai shago: Albarka. To, kawo ɗari huɗu da hamsin. Me za ki yi da su?
Ɗaliba: Fitila za mu haɗa, wadda za ta kama da kanta idan duhu ya yi.
Mai shago: Madalla! Kin sayi rizista kuwa?
Ɗaliba: A'a, ban saya ba tukuna.
Mai shago: Ai idan ba ki sa rizista ba, sai ƙwan ya ƙone. Ungo biyu, gyara ce.
Ɗaliba: Na gode, Baba. Allah ya ba da kasuwa.
Mai shago: Amin, 'yata. Ki gai da malaminku.

Ka lura da yadda ɗalibar ta ce "kuna da" ga mutum ɗaya. Haka ake girmama babba a Hausa.

Sababbin kalmomi

- lalube: neman abu da hannu a inda ba a gani
- tuntuɓe: buga ƙafa da wani abu ana cikin tafiya
- dunƙule: tara abubuwa su zama guda ɗaya
- ma'ajiya: wurin da ake ajiye abu
- maɓalli: ɗan abin da ake dannawa a jikin na'ura
- makunni: abin da ake kunna wuta ko kashe ta da shi
- tsuke: rage faɗi
- ƙayyade: sa wa abu iyaka
- dalma: ƙarfe mai laushi da ake narkarwa a liƙe wayoyi
- daƙiƙa: kashi ɗaya cikin sittin na minti, wato sakan
- jabu: abin da ba na ainihi ba
- tarkace: tsofaffin kayan da aka daina amfani da su
- gyara: ɗan ƙarin da mai sayarwa ke yi wa mai saye kyauta

Nahawu: umarni, hani da sharaɗi

Ka ga yadda aka yi wa allon magana: auna, kunna, kashe, jira, koma. Wannan shi ne umarni kai tsaye, inda aikatau ke tsayawa shi kaɗai, kuma mutum ɗaya ake yi wa shi. Ana kuma iya sa wakilin suna kafin aikatau:

- Namiji: Ka kunna fitila.
- Mace: Ki kunna fitila.
- Jam'i ko babba: Ku kunna fitila.

Idan ana so a hana, sai a fara da "kada" ko "kar": Kada ka taɓa soket. Kada ki huda batir. Kar ku yi wasa da wuta.

Jimlar sharaɗi tana da ɓangare biyu. Na farko yana farawa da "idan" ko "in", yana faɗin abin da ake jira ya faru. Na biyu yana faɗin abin da zai biyo baya, sau da yawa da kalmar "sai":

- Idan duhu ya yi, sai fitila ta kama.
- Idan rana ta fito, sai fitila ta mutu.
- Idan waya ba ta haɗu ba, ƙwan ba zai kama ba.

Ka lura da jituwar jinsi: duhu namiji ne, don haka aka ce "ya yi", rana mace ce, don haka aka ce "ta fito".

Tambayoyi

A. Amsa da cikakkiyar jimla.
1. Waɗanne ayyuka uku 'yar ƙwaƙwalwa take yi?
2. A wace ƙasa kuma a wace shekara aka fito da Arduino?
3. Me zai sami ƙwan LED idan ba a sa rizista ba?
4. Mene ne bambanci tsakanin shiri da maimaici?
5. Me ya sa fitilar 'yan ƙungiyar kimiyya ta yi ta kamawa tana mutuwa?

B. Mayar da waɗannan jimloli zuwa hani.
1. Ki buɗe caja.
2. Ku jefa batir a wuta.
3. Ka cire wayar.

C. Cike gurbi da kalmar da ta dace: ya, ta, sai, kada.
1. Idan batir ___ ƙare, fitila ba za ta kama ba.
2. Idan wuta ___ dawo, ___ ka yi cajin tocila.
3. ___ ki taɓa waya da jiƙaƙƙen hannu.

Aikin aji

Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama mai ba da umarni, ɗaya ya zama 'yar ƙwaƙwalwa. Mai umarni ya sa abokinsa ya tashi daga kujera ya je ya rubuta sunansa a allo, da Hausa zalla. 'Yar ƙwaƙwalwa kada ta yi komai sai abin da aka faɗa mata. Bayan haka ku yi musaya, sannan ku faɗa wa aji umarnin da aka manta.

Aikin gida

Zaɓi matsala ɗaya a gidanku, kamar tankin ruwa da ke cika yana zuba, ko ƙofar da ake mantawa a buɗe. Rubuta layuka biyar na umarni da Hausa waɗanda za ka ba 'yar ƙwaƙwalwa don ta magance matsalar. Ka yi amfani da "idan" aƙalla sau biyu, ka kuma kawo aikin a darasi na gaba.